Shawara: An ce 'ya'yan tsohon soja mai nakasa kyauta suke karatu a Teksas, mu me ya hana mu?

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Kano ce, ina zaune a Houston da maigidana da yara uku. Maigidan ya shiga sojan ƙasa na Amurka a 2006, lokacin yana zaune a Bronx ta jihar Niyok. Sau biyu aka kai shi Iraƙi, ya fita a 2014, muka dawo Teksas a 2016. Ma'aikatar tsofaffin sojoji, VA, ta ba shi kashi 70 na nakasa saboda ciwon baya da firgicin yaƙi. 'Yar farinmu tana ajin ƙarshe a sakandare. A wajen wani suna wata mata ta ce mini 'ya'yanta biyu ko sisi ba su biya a jami'a ba, don ubansu tsohon soja ne mai nakasa, wai mu ma mu je a mayar da nasa kashi 100. Da na kawo masa maganar sai ya hau faɗa, wai shi ba maroƙi ba ne, kuma ba mahaukaci ba ne da zai koma yana ba likita labarin mafarkinsa. Ya ce ko a ci bashin karatu, ko yarinya ta koma gida wajen kakarta ta yi jami'a a can. Ni ina tsoron riba, ina kuma tsoron rabuwa da ita. Wata ƙawata ta ce mu tattara mu koma Kalifoniya, can ko kashi nawa ne ana yafe kuɗin makaranta. Anti, mutumin nan ba ya barci, aiki uku ya bari cikin shekara biyu, yanzu Uber yake ɗan taɓawa kwana biyu ko uku a mako. Ni ce nake aikin kula da tsofaffi ina riƙe gidan. Ina zan sa kaina?

Wata uwa daga Houston

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da wannan ɗawainiya. Zan fara da abin da ba za ki so ji ba, don gara ki ji shi yau da ki ji shi a ofishin jami'a bayan kin gama sa rai.

Matar da kuka haɗu a wajen suna ba ƙarya ta yi miki ba, amma labarin gidanta ta ba ki, ba na gidanki ba. Abin da 'ya'yanta suka ci shi ake kira dokar Hazlewood. Doka ce ta jihar Teksas, ba ta tarayya ba, tana yafe kuɗin karatu da yawancin kuɗaɗen rajista har na sa'o'in darasi 150 a makarantun gwamnatin jihar. Digirin farko yawanci sa'a 120 ne, kin ga ta ishi yaro har da saura. Tsohon soja zai iya cin sa'o'in da kansa, ko ya miƙa wa ɗansa abin da bai taɓa ba, matuƙar yaron bai wuce shekara 25 ba, kuma ɗa ɗaya ne yake ci a lokaci guda. In kuwa VA ta tabbatar uban ya nakasa ɗari bisa ɗari, to kowane ɗa da matar ma kowa yana da nasa 150 ɗin. Abu ne mai tsoka, shi ya sa ake ta zancensa a gidajen biki.

Sai dai akwai sharaɗin da masu ba da labari ba sa kaiwa gare shi. Dole ne a ranar da mutum ya shiga soja ya zamana a Teksas ya shiga, ko Teksas ya rubuta a matsayin gidansa, ko mazaunin Teksas ne a lokacin. Ba ruwansu da shekara nawa kuka yi a Houston daga baya, ko harajin gida nawa kuka biya. An ma taɓa kai maganar kotu. Wani tsohon soja, Keith Harris, ya shiga soja daga jihar Jojiya, ya dawo Teksas ya zauna, ya shiga karatun lauya a Jami'ar Houston, aka hana shi, ya kai ƙara. Ya yi nasara a kotun farko a 2015, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta rushe hukuncin a 2016, ta ce jihar tana da ikon sa wannan sharaɗi. Maigidanki daga Bronx ya shiga. Saboda haka ko gobe aka mayar da shi kashi 100, wannan ƙofa ba za ta buɗe muku ba.

Duk da haka gani ya kori ji. Ki nemi takardar sallamarsa, wadda ake kira DD-214, ki duba gurbi na 7. A nan aka rubuta wurin da ya shiga aiki da kuma adireshin da ya bayar a matsayin gida. In duka biyun Niyok ne, ki cire Hazlewood daga ranki gaba ɗaya, ki daina jin zafin cewa maigida ne ya tare wa 'yarsa hanya da taurin kai. Faɗan da kuke yi a kan wannan, a kan abin da babu shi kuke yi.

Jihar da ya fito ma ba wani abin a zo a gani za ta yi muku ba. Niyok tana da wata tsohuwar kyauta ga 'ya'yan tsofaffin sojoji masu nakasa kashi 40 zuwa sama, dala 450 a shekara, kuma sai yaro mazaunin jihar ne yana karatu a cikinta. Ko littattafan zango ɗaya da ƙyar ta saya.

Maganar Kalifoniya kuwa, ƙawarki ta ji ƙamshin gaskiya. Jihar tana da tsarin yafe kuɗin karatu a jami'o'inta da kwalejojinta na gwamnati, kuma akwai sashen da bai damu da yawan kashin nakasar uba ba, abin da yake dubawa shi ne kuɗin shigar yaron kansa, haɗe da tallafin da iyaye suke ba shi, kada su wuce wata iyaka. Amma sai yarinya ta cika sharaɗin zama mazauniyar jihar, wanda ba ya samuwa ƙasa da shekara guda, kuma abin da ake yafewa kuɗin karatu ne kawai, ba ɗakin kwana, ba abinci. Ki kwatanta kuɗin hayar gida a Los Angeles ko San Diego da wanda kike biya a Houston, ki ƙara da aikinki da za ki bari, da ƙananan yara biyu da za a cire daga makarantarsu, da mutumin da ba ya barci da za a raba da likitocin da suka san shi. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Bajiniya ma da ake yabon tsarinta kashi 90 take nema, tare da zaman shekara biyar a jihar. Kowace jiha da nata ma'auni, kuma duk an gina su ne yadda ba za a yi musu hijira ba. Ki zauna inda kike.

Yanzu ga abin da nake ganin kin tsallake, kuma shi ne ya fi kusa da hannunki. Kin ƙura wa kalmar "tsohon soja" ido har kin manta cewa 'yarki ɗaliba ce mazauniyar Teksas daga gida mai matsakaicin samu, kuma wannan kaɗai yana buɗe ƙofofi. Tun daga zangon kaka na 2025, jami'o'in da ke ƙarƙashin tsarin Jami'ar Teksas suna ɗauke kuɗin karatu da na rajista ga ɗaliban digirin farko mazauna jihar da iyalinsu ba su wuce dala 100,000 a shekara ba a lissafin haraji. Ki lura da kalmar nan, lissafin haraji. Kuɗin nakasa da VA take biyan maigida ba a cire masa haraji, don haka ba ya shiga wannan jimla. Abin da za a ƙirga shi ne albashinki da ɗan abin da yake samu a tuƙi. Daga yadda kika kwatanta gidanku, ina kyautata zaton kuna ƙasa da iyakar nesa ba kusa ba. Jami'ar Houston ma tana da irin nata alkawarin ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi. A saman wannan akwai tallafin Pell na tarayya, wanda mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekara, da tallafin jiha da ake kira TEXAS Grant. Duk waɗannan kyauta ce, ba bashi ba, babu riba a ciki, babu abin da za a mayar.

Mabuɗinsu ɗaya ne, fom ɗin neman tallafin karatu da ake kira FAFSA. A Teksas ma sai ɗalibi ya cika shi, ko ya sa hannu cewa ba ya so, kafin a ba shi shaidar gama sakandare, don haka malamin shawara na makarantar 'yarki ya san zancen sarai. Abin da ke cutar da mutanenmu shi ne jinkiri. Ranar fifiko, wato wa'adin miƙa fom don a sa ɗalibi a sahun gaba, tana wucewa tun farkon shekara, watanni kafin bikin yaye ɗalibai, kuma wasu kuɗaɗen wanda ya riga shi ke samu. Ki ɗauki rabin yini daga aiki ki je ki zauna da malamin nan ke da yarinyar, zuwa da kai ya fi aike. Idan takardar tayin jami'a ta zo, za ki ga sun jera kyauta da bashi a shafi ɗaya kamar abu ɗaya ne. Ba dole ba ne ki karɓi duka. Ana karɓar kyautar a ƙi bashin. In da saura giɓi, shekara biyun farko a kwalejin al'umma irin Lone Star, tana kwana a gida tana cin tuwon uwarta, sannan ta wuce jami'a, hanya ce da dubban yara suke bi, kuma takardar digirin ƙarshe sunan jami'ar take ɗauke da shi.

Akwai wani ɗan kuɗi da ke zubewa gidaje da yawa ba a sani ba. Duk wanda nakasarsa ta kai kashi 30, VA tana ƙara masa wani abu a wata saboda mata da kowane ɗa. Ranar da ɗa ya cika 18 wannan ƙari yana tsayawa, sai dai in an cika fom mai lamba 21-674 an nuna yana makaranta, to sai ya ci gaba har ya kai 23. Wannan ba ya buƙatar ganin likita, ba ya buƙatar ba kowa labarin mafarki. Takarda ce kawai.

Sannan ki tambaye shi, cikin ruwan sanyi, ko ya taɓa amfani da nasa haƙƙin karatu na GI Bill. Ba zai iya miƙa wa 'yarsa shi yanzu ba, don ana yin wannan ne tun mutum yana cikin kaki. Amma tunda bayan 1 ga Janairun 2013 ya fita, nasa ba ya lalacewa. In ya shiga koyon wata sana'a da bayansa zai iya ɗauka, za a biya makarantar, kuma a riƙa ba shi kuɗin muhalli duk wata. Mutumin da yake jin kunyar a ce ana ba shi kuɗi don ya nakasa, sau da yawa ba ya jin kunyar a ce ana biyansa don yana karatu.

To, mu zo kan kashi 100, don a nan ne zuciyarki take, kuma a nan ne nake so ki yi taka-tsantsan.

Gaskiya ne akwai babban abu a can. Idan VA ta yanke cewa nakasar tsohon soja cikakkiya ce kuma dawwamammiya, matarsa da 'ya'yansa suna samun tallafin karatu na tarayya da ake kira Chapter 35. Wata 36 ne ga kowane mutum ɗaya, ana zuba wa ɗalibi kuɗin a asusunsa kai tsaye, sama da dala 1,500 a wata ga mai cikakken karatu. Wannan bai damu da jihar da uba ya shiga soja ba. Da ana takaita shi tsakanin shekara 18 zuwa 26, amma yaran da suka cika 18 ko suka gama sakandare daga 1 ga Agustan 2023 an cire musu wannan wa'adi, kin ga ko an samu bayan shekara biyu ko uku, bai wuce 'yarki ba, balle ƙannenta. Ga kuma inshorar lafiya ta CHAMPVA ga iyali. Abu ɗaya da za ki riƙe, yaron da ya fara cin Chapter 35 ana cire shi daga wancan ƙarin na wata da na ambata, ba a haɗa biyun.

Amma daga 70 zuwa 100 ba tafiyar kashi 30 ba ce yadda muke lissafi a kasuwa. VA ba ta tara kashi da kashi. In mutum yana da 50 na firgici da 30 na baya, ba 80 ba ne. Suna cire 50 daga ɗari, saura 50, su ɗauki kashi 30 na wannan sauran, wato 15, su haɗa ya zama 65, su zagaye shi zuwa 70. Duk sabon ciwon da aka ƙara, daga ɗan abin da ya rage ake gutsuro shi, shi ya sa hawa saman yake da wuya. Hanyar da ta fi dacewa da abin da kika kwatanta ita ce wadda suke kira TDIU, wato a biya mutum kamar mai kashi 100 saboda ciwon da ya samo a aikin soja ya hana shi riƙe aikin da zai ci da kansa. Sharaɗinta shi ne ciwo ɗaya mai kashi 60, ko jimlar 70 da ɗaya daga ciki ya kai 40. Aiki uku cikin shekara biyu hujja ce da suke dubawa, haka ma yawan abin da yake samu a tuƙi. Kuma ko an ba shi, sai an rubuta cewa dawwamamme ne kafin Chapter 35 ta buɗe.

Na kuma ga kin ce Iraƙi sau biyu. Dokar PACT da aka sa wa hannu a Agustan 2022 ta ɗauka cewa wasu cututtuka, irin su asma da ciwon hanci mai daɗewa da wasu nau'o'in daji, daga hayaƙin ramukan ƙona shara na sansanonin soja suka samo asali, ba sai tsohon soja ya kawo hujjar alaƙa ba. In yana fama da tari ko toshewar numfashi da ba a taɓa rubutawa ba, ya kamata likita ya sani.

Ga inda nake ja miki kunne. Neman ƙari yana nufin a sake duba mutum, kuma dubawa tana iya kaiwa sama, tana iya kaiwa ƙasa. Kashin da ya shekara 20 ne doka ta kulle ba a rage shi, naku bai kai ba. Don haka kada ku shigar da komai da ka. Ku je wajen jami'in tsofaffin sojoji na gundumarku, ko Hukumar Tsofaffin Sojoji ta Teksas, ko ƙungiyoyi irin DAV da VFW da American Legion. Aikinsu ke nan, kuma kyauta suke yi. Masu talla a Facebook da TikTok da ke cewa za su kai mutum kashi 100 a ba su kason kuɗin watanni, ki guje su. Wasunsu har koya wa mutum abin da zai faɗa wa likita suke yi. Kada ki yarda a ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da yake damunsa. Laifi ne a dokar ƙasar, kuma ke da kike gudun riba ba za ki so ki ciyar da 'yarki da kuɗin ƙarya ba.

Ni dai a karatun da na yi wa wasiƙarki, matsalar maigidanki ba ƙari ba ce, ragi ce. Irin mazanmu ne da likita zai tambaya yaya jiki, su ce alhamdulillahi da sauƙi, alhali daren jiya a zaune suka kwana. A gida wannan ladabi ne da tawakkali. A ɗakin likitan VA kuwa rubutawa ake yi kamar yadda aka faɗa, "da sauƙi" ta shiga fayil ta zauna. Ke ce kike ganin daren, kuma suna karɓar rubutacciyar shaidar matar aure a kan abin da take gani.

Sai dai ki duba yadda maganar ta isa kunnensa. Kin dawo daga taron mata kin ce masa mijin wance kashi 100 gare shi, 'ya'yansa suna karatu kyauta. Abin da ya ji shi ne, ga wani ya fi shi amfani ga iyalinsa, kuma hanyar da zai kamo shi ita ce ya je ya tabbatar wa hukuma cewa shi ya gama lalacewa. Namijin da ya riga ya ga matarsa ce ke riƙe da gida, wannan magana wuƙa ce. Da ya ce a mayar da yarinya wajen kakarta, ban ɗauka yana son rabuwa da ita ba ne, ina ganin hanya ce da zai iya biya da aljihunsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ki san kuma duk tallafin jihar da na lissafa ba ya bin ɗalibi zuwa Kano, a nan ake cin sa.

Shi ya sa nake so ki raba maganar biyu, kada ki sake haɗa su a zama ɗaya. Karatun yarinya ki bi shi ta FAFSA da tallafin jiha, inda abin da ake nema a wajensa bai wuce takardun haraji da amincewarsa ba. In takardar jami'a ta zo da sifili a gurbin kuɗin karatu, ki miƙa masa ya karanta da kansa, zancen bashi da na komawa gida zai mutu ba tare da kin yi musu ba. Maganar lafiyarsa kuma ki bar ta ta zama ta lafiya zalla, ba ta kuɗi ba. Kuma wataƙila ba daga bakinki ya kamata ta fito ba. Akwai wanda yake jin nauyinsa, limamin masallacinku, ko yayansa, ko wani da suka sa kaki tare. Tsohon soja ya fi sauraron wanda ya taka ƙasar da ya taka. Shi ne zai iya ce masa wannan ba sadaka ba ce, diyya ce da aka yi yarjejeniya a kanta tun ranar da ya sa hannu, kamar yadda ba wanda yake kiran fansho bara.

Akwai kuma cibiyoyin da ake kira Vet Center, Houston tana da su. Ba asibiti ba ne, wurin zama ne a yi magana, na waɗanda suka je fagen yaƙi da iyalansu, kyauta, kuma bayanan da aka yi a can ba a haɗa su da fayil ɗin asibiti sai da izinin mutum. Da yawa daga cikin masu ba da shawarar su ma tsofaffin sojoji ne. Ke ma kina da damar zuwa a matsayin matarsa, ki kira su ki tambayi yadda za ki fara ko da shi bai shirya ba tukuna. Idan kuma wani dare ya kai inda kika ji tsoro a kansa ko a kanku, ki buga 988 ki danna 1, layin tsofaffin sojoji ne, dare da rana, kuma iyali ma suna kira. In akwai bindiga a gidan, ki nemi a kulle ta, harsashin a ajiye shi wani wuri daban.

A wannan makon ki nemo DD-214 da wasiƙar VA ta ƙarshe da ta jera kashin kowane ciwo, ki haɗa da takardun harajin da fom ɗin zai tambaya, ki sa su a jaka ɗaya. Ki rubuta ranar da yarinya za ta cika 18 a jikin firij saboda fom 21-674. Ki gaishe mini da ita, ki ce mata Anti ta ce ta nemi gurbi a jami'a fiye da ɗaya, don kowace da irin tayin da za ta yi mata.